Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sufeto Janar Na 'Yan Sandan Najeriya Kan Katakon Ƙusa A Shingayen Hanya

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina addu'ar Allah ya jiƙan jami'anka da suka rasu a bakin aiki, waɗanda ke raye kuma ya kare su, ya dafa maka a kan wannan nauyi da ka ɗauka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙaramin abu ne a ido, har wani zai ce bai kai a dami Sufeto Janar da shi ba. Katako ne, falanki guda, an buga masa ƙusoshi masu tsawon inci huɗu ko shida ta baya, tsininsu na kallon sama, an ɗaura masa igiya a gefe ɗaya. Wani wurin ba katako ba ne, guntun ƙarfe ne da mai walda ya kafa wa yankakken rodi. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Legas, ko ya gangara ta Lokoja zuwa Onitsha da Fatakwal, ko ya bi hanyoyin kan iyaka irin na Jibiya da Illela da Maigatari, ya san shi. Yana kwance a bakin kwalta kusa da buhunan yashi da tsofaffin tayoyi, kuma sau da yawa wanda ke riƙe da igiyar ba ɗan sanda ba ne, wani yaro ne cikin singileti da silifa, wanda ba ya cikin littafin albashin kowa.

Bindigar da jami'inka ke rataye da ita tana da lamba a jikinta. Sai ya sa hannu zai karɓe ta, kuma idan harsashi ya fita za a tambaye shi inda ya tafi, aƙalla dai haka dokar aikinku ta ce. Katakon nan ba shi da lamba, ba wanda ya sa hannu a kansa, kafinta ne ya haɗa shi a bayan kasuwa. Amma idan aka ja shi gaban bas mai ɗauke da mutum 18 tana cikin gudu, ɓarnar da zai yi cikin ƙiftawar ido ta fi ta harsashi guda. Roƙona shi ne rundunarka ta fara lissafa shi cikin makamai, ta yi masa irin dokar da ake yi wa makami, ta kuma raba shi da hannun waɗanda ba su da hurumin riƙe shi.

Ba na cikin masu cewa a bar kowace mota ta wuce. Na san akwai ɓarayin mota, akwai masu safarar makamai cikin buhunan hatsi, akwai masu garkuwa da ke tafe da mutum a ɗaure a cikin but. Na kuma san akwai direban da zai ga ɗan sanda tsaye a gabansa ya ƙara taka totur. Jami'in da aka tura shinge ba a ba shi motar bin sawu ba, ba a ba shi rediyon da zai kira na gaba ba, abin da ke hannunsa bindiga ce kawai da tocila. A irin wannan hali, wanda ya zaɓi ya fasa taya maimakon ya buɗe wuta ya zaɓi abin da ya fi sauƙi, kuma mu da muka sha jin labarin direbobi da fasinjojin da harsashi ya kashe a shinge ba za mu raina wannan ba. Ba mu manta da 2011 ba, shekarar da mota ɗauke da bam ta shiga harabar hedikwatarku a Abuja ranar 16 ga Yuni, wata kuma ta kutsa ta ƙofar ginin Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 26 ga Agusta. Ba mu manta da hare-haren bama-bamai da aka kai a Kano ranar 20 ga Janairu 2012 ba. Tsinayen da ake kafawa a ƙofar bariki da ofisoshin tsaro, waɗanda ke wuri guda, kowa na ganinsu, mota kuma na isa gare su a hankali, ba su nake magana ba.

Maganata a kan wanda ake jefawa ko ake ja gaban mota ne tana tafiya a kan babbar hanya.

Su waɗanda muka kwaikwaya, abin da suke amfani da shi ya sha bamban da namu. Na'urar da 'yan sandan Ingila da Amurka ke shimfiɗawa, irin su Stinger da Stop Stick, tsinayenta ba ƙusa ba ne. Bututu ne siriri mai rami a ciki, an yi shi yadda idan taya ta taka zai cire daga mazauninsa ya maƙale a jikin tayar, iska ta riƙa fita ta cikin ramin a hankali, cikin daƙiƙoƙi masu ɗan yawa. Hikimar ita ce kada tayar ta fashe lokaci guda. Direba zai ji sitiyari na yin nauyi, gudu na raguwa, har motar ta gaza, amma tana kan ƙafafunta. Jami'in da zai shimfiɗa ta an riga an gaya masa ta rediyo wace mota ce ke zuwa, launinta da layin da take bi. Yana zaɓar wuri miƙaƙƙe, nesa da kwana da gada da taron jama'a, ya laɓe bayan wani abu mai ƙarfi, ya jefa, motar na wucewa ya janye da igiya don kada ta samu motocin da ke biye. Dokokin aiki na rundunoni da yawa a can sun hana a shimfiɗa ta gaban babur, ko bas mai ɗauke da fasinja, ko motar da ke ɗauke da mai da sauran kaya masu haɗari, sai in rai ne ke cikin haɗari kuma babu wata mafita.

Duk da wannan tsari, abin yana cin rayuka, kuma yawanci rayukan 'yan sandan ne. A 2012 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta fitar da gargaɗi cewa jami'ai 26 sun mutu a Amurka tun daga 1996 wurin shimfiɗa wannan na'ura, biyar daga cikinsu a 2011 kaɗai. A shekarar 2012 ɗin rundunar birnin Dallas ta daina amfani da ita saboda tsoron abin da zai samu jami'anta. A Ingila, ranar 5 ga Oktoba 2015, wani matashi da ya sato mota ya take ɗan sanda David Phillips a garin Wallasey yana cikin shimfiɗa ta, ya bar mata da 'ya'ya biyu, aka yanke wa matashin ɗaurin shekara 20. A New Zealand ma haka aka kashe Saja Derek Wootton a 2008. Dalilin ɗaya ne a ko'ina: mai gudu idan ya hango abu a kan titi zai kauce, inda zai kauce kuwa nan mai riƙe da igiya yake tsaye.

To, ranka ya daɗe, waɗannan mutane ne da aka horar, masu rediyo, masu motar asibiti a kusa. Yaron da ke riƙe da igiyar katako a kan hanyar Okene ko ta Mokwa da ƙarfe biyun dare, wa ya horar da shi? Idan tirela ta murƙushe shi, sunansa ba zai shiga cikin jerin waɗanda suka mutu a bakin aiki ba, domin a takarda bai taɓa yin aikin ba. Iyayensa gawa kawai za a kai musu.

Ƙusar kafinta kuma ba ta da wannan hikimar ta bututu. Duk mai faci zai iya yi maka bayaninta fiye da ni. Idan tayar mai tib ce, kamar ta babura da Keke Napep da manyan motoci da yawa, ƙusa na shiga iskar za ta iya ficewa gaba ɗaya. Idan marar tib ce, abu biyu ne. Ko dai ƙusoshin su yaga robar saboda suna kafe a jikin katako ba su da inda za su, ko kuma ɗaya ta karye ta zauna a ciki ta toshe ramin da ta huda. Wannan na biyun ya fi ban tsoro, domin direba zai wuce yana murna ya tsira, iska na zurarewa kaɗan-kaɗan, tayar na laushi tana ɗaukar zafi, sai an yi tafiya mai nisa ta tarwatse a inda babu shinge, babu shaida. A rahoto za a rubuta cewa taya ce ta fashe, kuma gaskiya ne, sai dai ba wanda zai koma baya ya tambayi abin da ya huda ta. Ga shi kuma katakon kansa ba ya zama wuri guda. Taya na iya ɗaga shi ta maka shi a ƙarƙashin motar, ya tsinka tiyon birki, ko ta wurgo shi kan mai tallar gyaɗa da ke gefen shinge.

Mun san abin da fashewar taya ke yi a cikin gudu. Ranar 6 ga Maris 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Babu ƙusa a wannan labari, babu shinge. Binciken hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ya nuna tayar baya ce ta fashe motar na cikin gudu, direba ya danne birki, ta yi ta wuntsilawa. Motar minista ke nan, jif mai tsada. Bayan wannan rashi hukumar ta yi ta wayar da kan jama'a a kan tsofaffin tayoyi da yadda ake karanta shekarar da aka yi taya a jikinta. Abin mamaki, ƙasar da wata hukumarta ke tare direba ta ci shi tara saboda tayarsa ta tsufa tana iya fashewa, ita ce kuma ƙasar da ake fasa wa direba taya da gangan, wani lokaci a kan hanya ɗaya, tazarar da ba ta wuce tafiyar minti goma ba. Mu kuma da yawancin motocin hayarmu ke tafiya a kan tayoyin gwanjo, an yi musu faci a kan faci, an ɗora musu kaya fiye da kima, ai ba sai an sha wahala ba.

A yi lissafi kaɗan. Dokar hanya ta ba bas damar gudun kilomita 90 a awa a kan babbar hanya mai tagwayen layi. Wannan mita 25 ke nan a kowace daƙiƙa. Kafin idon direba ya ga abu, ƙwaƙwalwarsa ta gane, ƙafarsa ta bar totur ta hau birki, aƙalla daƙiƙa guda ta wuce, motar ta ci mita 25 birki bai fara kamawa ba. Tirela da tanka an ƙayyade musu 60, kusan mita 17 a daƙiƙa, amma nauyin da ke bayansu ba ya jin magana. Wanda ya ja katako gaban tirelar shanu daga tazarar taku ashirin bai umarci direban ya tsaya ba, domin tsayawar ba ta yiwuwa. Zaɓi biyu ya bar masa, ya taka ko ya kauce. A saman tirelar nan kuwa akwai mutane zaune a kan katakai, masu rakiyar dabbobi da 'yan ci-rani masu neman sauƙin kuɗin mota. Tanka kuma idan ta kwanta mun san abin da ke biyo baya. Wadda ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoba 2024 ba katako ne ya kayar da ita ba, amma mutanen da wutarta ta ci sun haura 150. Duk wanda zai jefa ƙusa gaban tanka ya kamata a fara kai shi ya ga kaburburan Majiya.

Akwai wata illar da ta fi waɗannan zurfi, kuma ita ce ta fi damuna. Katakon ƙusa ba na jami'an tsaro ba ne su kaɗai. Tun zamanin da 'yan fashi ke tare motocin dare, da shi suke aiki. Masu garkuwa da mutane sun gaje shi, sun ƙara da kakin soja da na 'yan sanda. Direban da ya taso daga Sakkwato da albasar Aliyaro, ya shiga daji tsakar dare, ya hango tocila na kaɗawa, ga itace a gicciye, ga mutane da bindiga wasu da kaki wasu babu, ba motar sintiri, ba fitila mai walƙiya, ba allo, da me zai gane hukuma ce ko ɓarayi? Kayan aikin iri ɗaya ne. A tasha abin da manyan direbobi ke koya wa yaransu shi ne, in ka ga abin da ba ka yarda da shi ba cikin dare kada ka ɗaga ƙafa, gara ka tafi a kan rim ka tsira da ranka. Wannan darasi tsoro ne ya koyar da shi, kuma ya ceci mutane da yawa. Amma ranar da shingen ya zama na gaskiya, direban nan ya zama mai laifin ƙin tsayawa, a ja masa katako, ko a bi shi da harsashi. Rundunar da ke son a riƙa tsaya mata dole ta yi kamannin da ɓarawo ba zai iya kwaikwaya da kuɗin ƙusa kilo ɗaya ba.

Sai kuma mu faɗi wadda kowa ya sani. Yawancin lokutan da ake jan katakon nan ba ɓarawon mota ake nema ba. Ana jan shi ne gaban wanda bai miƙa hannu ta taga ba, ko wanda ya miƙa abin da aka raina. Tun 2010 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da dogon rahoto a kan karɓar kuɗi a shingayen 'yan sandan Najeriya, lokacin naira ashirin ce ake magana. Yau ashirin ko yaro ba ya karɓa. Na san a cikin jami'anka akwai masu tsoron Allah da ke kwana cikin sanyi da sauro ba su karɓi sisin kowa ba, kuma wannan ɗabi'a su take fara zubar wa mutunci. Amma inda katako yake kwance, direba ya san maganar ba ta takardu ba ce. Sabuwar tayar tirela guda ɗaya a yau ta ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wanda aka ce ya zaɓa tsakanin ɗari biyar da tayoyin gaba biyu, ai ba zaɓi aka ba shi ba. Shi kuma mai mota ba daga aljihunsa zai biya ba, zai ɗora a kan kuɗin dakon kaya, ɗan kasuwa ya ɗora a kan kwandon tumatir, mai cefane a kasuwar Mile 12 ta Legas ko ta 'Yankaba a Kano ta biya ba ta san ta biya ba.

Ba jami'anka kaɗai ba ne, kuma adalci ne in faɗi haka. Masu karɓar harajin ƙananan hukumomi, da masu sayar da sitika da rasit iri-iri, da 'yan ƙungiyoyin da ba a san wanda ya kafa su ba, da wasu 'yan sintiri, duk sun mallaki nasu katakon. A wasu hanyoyin kudu mai ɗauke da shanu ko hatsi ba ya rufe rabin awa bai tsaya ba. Lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu a ƙarshen Fabrairu 2021, har aka riƙa tsayar da motoci a wajen Jebba, rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan ne ya tunzura su, amma cikin koke-kokensu akwai wannan na shingaye da haraji barkatai. Alhali tun 1998 dokar da ta fayyace harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ta haramta wa kowa, har da hukumar haraji, kafa shinge a hanya don karɓar haraji, ta kuma sa tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara uku ko duka biyun. Kama mai karya doka aikin wa ne in ba naku ba? Abin da muke gani sau da yawa shi ne mai rasit da katakonsa a nan, ɗan sanda a kan benci a can, suna gaisawa.

Magabatanka sun gwada. M.D. Abubakar ya ba da umarnin rushe shingaye a farkon 2012, kuma direbobi sun ga sauƙi na ɗan lokaci, har ana labarinsa a tasha. Ibrahim Idris ya sake bayar da irin wannan umarni a watan Satumba 2017, ya haɗa da na masu karɓar haraji. Kowane karo abin da ke faruwa ɗaya ne: a ja itatuwa gefe, a tura katakon cikin ciyawa, a jira ƙura ta lafa. Shi ya sa ba zan roƙe ka ka sake cewa a rushe shingaye ba. Halin tsaron da ake ciki ma ba zai bari ba, akwai hanyoyin da ganin shinge na gaskiya shi ke sa matafiyi ya sauke ajiyar zuciya. Abin da nake nema ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi sauƙin bincikawa, domin katako abu ne da ake gani da ido, ana iya ɗaukar hotonsa daga tagar mota.

Ka aika da umarni a rubuce zuwa ga kwamishinoni da kwamandojin shiyya cewa daga rana kaza, duk shingen 'yan sandan da aka samu katakon ƙusa ko ƙarfen walda a wurin, DPO ko kwamandan da ya tura mutanen shi zai amsa tambaya. Kada a tsaya kan kurtu, domin kurtu bai isa ya ajiye abin da ogansa bai yarda da shi ba. Farar hula kuma, ko wane ne shi, ko ɗan sintiri ko ɗan ƙaramar hukuma ko yaron da ke taya jami'ai aiki, in an gan shi da wannan abu a kan titi a ɗauke shi kamar wanda aka kama da makami, a gurfanar da shi, a bi sawun wanda ya tura shi.

In rundunar ta ga tana buƙatar abin fasa taya, kuma ina ganin tana buƙata, to a sayo na gaskiya mai sakin iska a hankali, a buga masa lamba, a ajiye shi a ma'ajiyar makamai, a ba rukunin sintirin manyan hanyoyi kaɗai bayan an horar da su. Kuna da Force Order 237 da ke tsara yadda ake amfani da ƙarfi da bindiga, wadda aka sabunta a 2019. A ba wannan na'ura gurbinta a cikin irin wannan doka: sai a kan motar da ake da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa tana da hannu a babban laifi, sai da izinin babban jami'i, ban da babur da Keke Napep, ban da motar haya mai fasinja, ban da tanka, ban da cikin gari da bakin kasuwa da kwana da gada. Rashin takarda ko gilashi mai duhu ko kayan da suka wuce kima ba laifin da za a kifar da mota a kansa ba ne, lambar motar na nan, tashar da ta taso na nan, shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta masu motocin sufuri ta NARTO sun san mai ita. Kuma duk lokacin da aka shimfiɗa na'urar a rubuta a littafin ofis, wa ya ba da izini, wace mota, me ya biyo baya, ko da ba wanda ya ji rauni.

Shingen da kansa a ba shi kamanni. Allo mai ƙyalli tun daga nesa, wani a bayansa, robobin raba hanya, motar runduna mai lamba da fitila, jami'ai cikin cikakken kaki da suna a ƙirji. Waɗannan ba su kai kuɗin jif guda na ayarin manya ba, kuma su ne za su fara kare jami'in kansa daga motar da birkinta ya tsinke.

Saura maganar wanda aka riga aka cuta. Sashe na 33 na kundin tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin rayuwa, sashe na 41 ya ba shi haƙƙin zirga-zirga, amma direban da aka fasa wa taya a dajin Kogi ba shi da lauya, ba shi da lokacin zaryar kotu, tumatir na ruɓewa a bayansa. Kuna da sashen karɓar ƙorafi da aka kafa a 2015. A ba shi ikon karɓar hoto da bidiyo daga direbobi a kan wannan batu, a sa wa'adin amsa, in an tabbatar a biya kuɗin tayar, in rai ya salwanta a biya diyya a kuma kai wanda ya ja igiyar da wanda ya sa shi gaban alƙali. A addininmu kawar da abin da zai cuci mutane daga kan hanya reshe ne na imani, haka ya tabbata a hadisi, kuma ban san wani addini da ya halatta a dasa shi ba. Jami'in da ya kifar da bas saboda ɗari biyu, ko an rufe maganar a ofis, akwai inda ba za ta rufu ba.

'Yan'uwana direbobi ma ba zan wanke su ba. Akwai mai shan ƙwaya ya hau sitiyari, akwai mai tafiya da fitila ɗaya, akwai wanda ya san birkinsa iska ce kawai amma ya ɗauki hanya da Allah ya kiyaye, akwai mai ganin tsayawa a shinge ƙasƙanci ne. Shugabannin tasha su ma suna da aiki a gabansu, kuma idan ka kira su zama za su zo, domin 'ya'yansu ne ke mutuwa. Ka haɗa su da FRSC da Kwastam da sojoji da wakilan gwamnoni a teburi ɗaya, tunda kai kaɗai ba ka da iko a kan kowane kaki, amma in rundunarka ta fara tsabtace nata shingen, bakinka zai yi nauyi a kan na sauran.

In kana son ka tabbatar da abin da na faɗa, ba sai an kafa kwamiti ba. Ka zaɓi jami'ai biyu da ka yarda da su, su tuɓe kaki, su shiga gaban tirelar shanu daga Potiskum ko Mai'aduwa a matsayin yaran mota, su bi ta har Legas ko Onitsha. Su riƙe ƙaramin littafi, su rubuta kowane wurin da suka ga katakon, da kakin da ke tsaye kusa da shi, da abin da aka karɓa kafin a janye shi. Su kawo maka littafin hannu da hannu, kada ya bi ta ofishin kowa.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mai harkar sufuri, daga Kano